Sunan Mahaifina a Fasfon Ɗan Rasha

Mahaifina tsire yake sayarwa a unguwar Tandabawi ta Makka, a bakin wani lungu da yanzu ko ni ba zan iya nuna wurinsa ba. Larabawan Makka siriya suke ce wa tsiren, kuma bayan la'asar sukan yi layi a gabansa, suna ci suna share hawaye saboda yaji. Sunansa Iliya. Haka 'yan unguwa suka san shi, haka aka rubuta a takardunsa, haka kuma sunan ya biyo ni makaranta ya manne a bayan nawa.

Muna aji huɗu malaminmu, wani mutumin Sham, ya kai kan sunana a rajista, sai ya tsaya ya ɗaga tabarau ya dube ni. Ya ce a garinsu Kiristoci ne suke sa wannan suna. Ba da mugunta ya faɗa ba, mutum ne mai son a san ya yi karatu, amma yaran ajin suka karɓa hannu bibbiyu. Daga ranar har na gama makaranta, in aka tambaye ni sunan ubana sai in ce Ilyas, in matse ƙarshen da kyau yadda ba mai sake tambaya. Har mahaifina ya rasu bai san na yi masa gyara ba.

Maganar ba ta sake tasowa ba sai da na haura arba'in. Lokacin mun bar Tandabawi mun koma unguwar Shisha, a bene hawa na uku, ni da Inna mahaifiyata da matata da 'ya'yanmu mata uku. Matata ta samu ciki na huɗu, aka ɗauki hoton cikin a asibiti, likita ta ce namiji ne. Kafin mu iso gida labari ya riga mu. Muka tarar da Inna zaune a tsakiyar falo da carbi, fuskarta irin ta wadda ta riga ta gama shari'a.

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Sai a mayar da sunan marigayi."

Matata ta ce, "Allah dai ya sauke mu lafiya, Inna," ta wuce ɗaki. Na bi ta. Ita ma haifaffiyar Makka ce, Hausa tana ji sarai, amma in ranta ya ɓaci Larabci ne yake fara fitowa. Ranar Larabcin ya fito da yawa. Taƙaitawarsa shi ne, tana girmama marigayi, Allah ya ji ƙansa, amma ɗanta ba zai shiga makaranta da sunan da in an kira shi sai a ji ƙaurin gawayi ba. Tana son suna gajere, na zamani, wanda za a iya rubutawa a jikin kofi da ruwan zinariya. Har ta tara guda bakwai a wayarta.

Na ce mata suna ne na annabi. Ta ce to me ya sa ni kaina ban taɓa faɗinsa yadda yake ba? Sai na tashi na duba ko mukayyif yana sanyaya ɗakin yadda ya kamata.

Wata biyu aka yi ana wannan yaƙi, kuma ba wanda ya ɗaga murya. Inna takan dama wa matata kunun gyaɗa da hannunta, ta miƙa mata tana cewa, "Sha, 'yar nan, ki ƙosar mini da maigidana, mai sunan manya." Matata ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Na gode, Inna, kowa dai da zamaninsa." Ni ne ɗan aike. Kowacce in ta kama ni ni kaɗai sai ta ba ni saƙon da zan kai wa ɗayar, ni kuma in kai rabinsa.

Aikina karɓar baƙi ne a wani ƙaramin otal na masu umara. Wata rana da hantsi motar baƙi ta sauke mana ayari daga Rasha, yawancinsu tsofaffin mata masu fararen gyale. Jagoransu wani dogo ne fari sol, gemunsa ja-ja, rana ta riga ta gasa masa kafaɗar da harami bai rufe ba. Ya ajiye mini tarin fasfo, na fara shigarwa ɗaya bayan ɗaya. Da na buɗe na ƙarshe, na jagoran, sai idona ya sauka kan sunan. Ban san na karanta da ƙarfi ba.

Na ce, "Iliya?"

Ya ce, "Na'am."

Na dube shi, na dubi fasfon. Abin da ya fito daga bakina da Hausa ya fito: "Kai ɗan gidan wa?" Ya yi murmushi irin na wanda bai ji komai ba, ya tambaye ni da Larabci ko akwai matsala a takardarsa. Larabcinsa na littafi ne tsantsa, kowane wasali a wurinsa, kamar mai karanta labarai a talabijin. Na ce ba matsala, sai dai ina so in san yaushe ya sauya suna, kuma wane Bahaushe ne ya zaɓa masa. Ya ce bai sauya ba, da shi aka haife shi, kuma ban da yau bai taɓa jin kalmar Bahaushe ba.

Bayan la'asar, da ya kai tsofaffinsa Harami ya dawo da su, na sa aka kawo mana shayi a kujerun gaban teburina. Mutum ne mai son a tambaye shi, don haka ban sha wahala ba. Ya ce su Ilya suke faɗa, a dunƙule, kuma suna ne tsoho ƙwarai a ƙasarsu, na manoma da na masu mulki duka. Asalinsa Ibrananci ne, Eliyahu, ma'anarsa Ubangiji shi ne Allahna. Daga can Girkawa suka ɗauka suka lanƙwasa shi yadda harshensu zai iya, daga wurin Girkawa kuma ya shiga Rasha cikin littattafan coci, sama da shekara dubu da suka wuce. Ya ce a ƙauyen kakarsa in aka yi tsawa, tsofaffi sukan ce Annabi Ilya ne yake tuƙa keken dokinsa a sararin sama. Akwai ranarsa a ƙarshen lokacin zafi, kuma in ta wuce kakarsa ba ta ƙara barin kowa ya shiga kogi wanka.

Na ce, "To kai sunan wa ka ci?"

Ya ce na kakansa, direban tarakta, wanda ya rayu ya mutu yana cewa babu Allah, alhali kullum da safe matarsa in za ta tashe shi sai ta kira shi da Ubangiji shi ne Allahna. Shi da kansa ya yi dariya kafin ni.

Ya ce da ya musulunta yana jami'a, abin da ya fi ɗoki shi ne sabon suna. Ya cika takarda guda da sunayen jarumai da malamai, ya kai wa wani dattijon limami ya zaɓa masa. Limamin ya tambayi sunansa na yanzu, ya ji, ya ninke takardar ya mayar masa. Ya buɗe Alƙur'ani ya nuna masa inda aka ambaci Annabi Ilyasu, ya ce, je ka, uwarka ta riga mu. Ɗan Rashan ya ce ranar ya koma gida kamar wanda ya je ɗinkin sabuwar riga aka ce masa ta jikinsa ba ta tsufa ba.

Na ba shi labarin mahaifina. Ya miƙe tsaye ya rungume ni a gaban ma'aikata, ya ce ashe ni Ilyich ne, wato ɗan Ilya, don su haka suke laƙaba wa mutum sunan uba. Shekara talatin ina ɓoye sunan, sai ga shi wani ya zo daga ƙasar ƙanƙara ya ƙara masa jela ya ɗora mini.

Ranar Juma'a, muna cin abincin rana bayan an sauko, na kawo labarin. Na shirya shi tun a mota. A lissafina, Inna za ta ji daɗin cewa sunan mijinta ya kai har bangon duniya, matata kuma za ta ga ba na lungun Tandabawi kaɗai ba ne, shi ke nan a yi sulhu a gode mini. Don in nuna na yi bincike ban rage komai ba, na faɗi Girkawa, na faɗi coci, na faɗi keken doki da direban tarakta.

Matata ta ajiye cokali ta ɗauki waya. Ta yi ɗan danne-danne, fuskarta ta fara sakewa.

Ta ce, "Baban yara, ka ga masu sunan kuwa? Ga likita, ga ɗan wasan ƙanƙara. Ilya. Ya'ani in ka faɗe shi haka, ai yana da daɗi. Gajere ne ma."

Inna kuwa tun daga coci ta daina tauna. Ta tura kwanon gefe.

Ta ce, "Kai, sake faɗa mini. Su wa suke sa shi?"

"Mutanen Rasha, Inna. Amma asalinsa..."

"Masu cewa annabin Allah yana tuƙa amalanke a sama?"

"Tsofaffin ƙauye ne kawai suke..."

"Har da wanda ya ce babu Allah. A'uzu billahi. To ba da jikana ba. Ba za a tsaya a Harami a kira shi ya waiwayo tare da Turawa ba. A nemo wani sunan. 'Yar nan, ina guda bakwai ɗin nan naki?"

Matata ta ce, "Haba Inna, sunan marigayi fa? Wallahi ba zan iya tsallake shi ba."

Haka na zauna tsakaninsu da tuwo a hannu. A cikin minti goma kowacce ta koma inda ɗayar take tsaye, kuma nisan da ke tsakaninsu bai ragu da taki ɗaya ba.

Da abin ya fi ƙarfina na ɗauko Baffa, ƙanen mahaifina. A unguwar Nakkasa ya yi yawancin rayuwarsa, har aka rushe gefen da yake ya koma wurin ɗansa. Ya hawo benenmu yana hutawa a kowane hawa, ya sha ruwa, ya saurari kowane ɓangare bai katse ba. Da aka gama ya ajiye carbinsa.

Ya ce, "Wai duk a kan sunan Yaya ake wannan? Ai ba sunansa ba ne."

Inna ta ce, "Ban ji ba."

Baffa ya gyara zama. Ya ce iyayensu daga ƙasar Kano suka taso a ƙasa, suna tafe suna tsayawa neman guzuri, shekaru a hanya. A Sudan aka haifi mahaifina. Da suka isa bakin teku za su shiga jirgin ruwa, aka ce kowane rai sai da takardar allura, yaron kuwa ba shi da ita. A cikin ayarin akwai wani bawan Allah da zazzaɓi ya ɗauke masa ɗa kwanaki kaɗan kafin nan, takardar yaron tana aljihunsa. Ya zaro ya miƙa wa kakana, ya ce ɗana ya riga ya isa inda za shi, naka ya ƙarasa da wannan. Da suka sauka Jidda, ma'aikaci ya kwafi abin da ya gani a takarda. Mutanen ayari suka ci gaba da kiran yaron da sunan don kada a gane, har bakinsu ya saba.

Na ce, "To Baffa, mene ne sunansa na yanka?"

Ya ce, "Allah ne masani. Babanmu ya rasu ina goye. Tsohuwarmu kaɗai ta sani, shi kuwa Yaya ɗan farinta ne. Na tambaye ta sau ɗaya da ta tsufa, ta ce ba ni da kunya, so nake ta kama sunan ɗan fari da bakinta. Da shi ta tafi."

"Shi Baba bai taɓa nema ba?"

"Ya ce wanda yake da shi bai taɓa ƙin amsawa ba."

"Kai kuma Baffa, duk shekarun nan ba ka faɗa mana ba?"

"Wa ya tambaye ni?"

Ina tsoron duban Inna. Ita macen da ce, tun da aka kai ta gidan mahaifina ba ta taɓa furta sunansa ba, ko a gaban ma'aikacin gwamnati sai dai ta nuna takarda da yatsa. Can sai na ji wani sauti daga wurinta, na ɗauka kuka ne. Ashe dariya ce take ƙoƙarin dannewa da gefen mayafi.

Ta ce, "Shekara arba'in da biyu ina jin kunyar sunan ɗan mutane. Da na sani ai da na riƙa ƙwala masa kira daga tsakar gida na huta."

Sannan hawayen suka zo, matata ta matsa kusa ta riƙe mata hannu. Ba a ƙara maganar suna ba ranar. Washegari da safe ina shirin fita aiki Inna ta tsayar da ni a bakin ƙofa, ta ce tunda sunan na aro ne, in kawo mata ɗayan da ya ara ta gan shi da idonta.

Ɗan Rashan ya zo ranar da ta rage kwana biyu su tashi, da kwalin dabino a hannu. Aka yi masa tuwon shinkafa da miyar kuka. Ya dubi miyar ya dube ni, ya yi bisimilla irin ta mai shiga ruwan da bai san zurfinsa ba. Inna ta shigo da hijabinta har ƙasa ta zauna nesa kaɗan. Tana jin Larabcin kasuwa, amma da ya gaishe ta da nasa sai ta juyo ta ce mini, "Wannan huɗuba yake yi ko gaisuwa? Fassara mini."

Ta yi masa tambayoyi kamar mai neman aure ya zo gidanta. Yana salla a kan lokaci? Ya ce yana ƙoƙari. Shi ma yana cewa annabi yana tuƙa amalanke? Ya ce a'a, iska ce da girgije. Uwarsa tana da rai? Ya ce tana nan. Ta musulunta? Ya ce a'a, coci take zuwa, amma ita ta ɗinka masa jakar da yake rataya takardun alhazai a ciki, kuma duk tafiyar da zai yi sai ta ce ya yi mata addu'a a wurin Ɗakin Allah. Inna ta dubi jakar. Ta ce a miƙo mata, ta juya ta ta duba ɗinkin ta ciki.

Ta ce, "Hannunta yana da kyau. Tambaye shi, ita da wane suna take kiransa? Tana kama sunan haka gatsau?"

Ya ɗan ji kunya, kunnuwansa suka yi ja. Ya ce Ilyusha take ce masa, irin kiran lallashi da ake yi wa yaro, har yau da gemunsa.

Inna ta gwada a bakinta a hankali. Shi ne karo na farko da na ji wani abu mai kama da sunan ya fito daga bakinta, kuma ta hanyar Rasha ya biyo. Ta gyaɗa kai ta ce, "Ashe su ma suna sakayawa. To da sauran mutunci a ƙasar." Ta ce ya ƙara tuwo. Ya ƙara, don ba a yi wa Inna musu ko da fassara.

Da ya tafi ta kira ni da matata. Ta ce ta yi tunani. Mutumin da ya ɗauki suna tun yana goye har ya shiga kabari da shi, ya yi salla da shi, ya aurar da 'ya'ya da shi, ba wanda zai ce ba nasa ba ne. Ga kuma wancan yaron da aka binne a hanya, wanda ba mai tuna shi, shi ma ya samu takwara. A sa. Matata ta ce ai dama abin da take faɗa ke nan. Inna ta ce ita ta fara faɗa. Na bar su a nan na sauka sayen burodin da ba mu bukata.

Yaron ya zo lafiya bayan sati biyar. A takardar haihuwa Ilyas aka rubuta, don ma'aikacin ya ce haka yake a Alƙur'ani, ni kuma ban ga dalilin fara masa bayani daga Girkawa ba.

Kafin ɗan Rashan ya tashi, Inna ta ba shi turmin atamfa da turaren wuta ya kai wa uwarsa. Bayan wata huɗu ya dawo da wani ayarin, ya ajiye mini ƙunshi a kan tebur. Tsohuwar ta saƙa wa jaririn hula da safa na ulu, masu kauri, irin waɗanda ake sawa in ƙanƙara ta rufe ƙofa. A lokacin zafin Makka ya kai inda in ka taɓa ƙarfen mota sai ka yi salati. A gaban hular ta ɗinka sunan da jan zare, haruffa huɗu na rubutunsu.

Matata ta ɗaga hular ta duba, ta ce harafin farko da na ƙarshe a juye suke, kamar an kalle su a madubi. Na ce haka rubutunsu yake, na gani a fasfo. Inna ta karɓe hular ta ce kada in kare abin da bai bukaci kariya ba, tsohuwa ce, ido ya yi rauni, kuma duk wanda ya faɗa wa ɗanta cewa ta yi kuskure ba ta yafe ba. Ta sa aka ƙure mukayyif har muna rawar ɗari, ta sa wa yaron hula da safa, aka ɗauki hoto aka aika. Amsa ta zo kafin magariba. Tsohuwar ta ce yaron kyakkyawa ne, amma ta ga wuyansa a buɗe, za ta saƙo masa abin naɗawa.